Shekarar da Na Kai Ummi Kabo

Na sha jin ku kuna faɗa wa 'ya'yanku, in sun yi wasa da karatu, cewa su dubi kakarsu: wai na koma makaranta da 'ya'ya huɗu, na sa abu a gabana, ban waiwaya ba sai da na cim masa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka aka yi ba, kuma gara ku ji daga bakina tun ina da ƙarfin riƙe biro. A duk rayuwata ban taɓa shiga ruɗani irin na shekarata ta farko a kwalejin horar da malamai ba. Ban san abin da na je nema ba, ban san yadda ake nemansa ba, kuma shawarar da ta fitar da ni daga ciki, har yau in na zauna ni kaɗai ina juya ta.

Tun farko ma tunanin ba nawa ba ne. Na gama sakandare aka yi mini aure, na bar gidanmu na Kabo na tare a Gwarzo, shekaru suka ja, har takardata ta fara canja launi a ƙasan akwati. Babanku a lokacin yana sayen gero da wake a kasuwar Getso yana kaiwa Kano, da damina kuma yana gonarsa ta Lakwaya. Shi ya dawo wata rana ya ce ana ƙarancin malamai mata a firamare, duk macen da ta samu takardar malanta ba za ta rasa aiki a kusa da gida ba. Shi abin da ya hango ke nan. Da na je Kabo neman albarka, Baba, kakanku, ya ce in dai za a koma makaranta da girma to a karanci addini da Larabci, shi ne karatun da ba ya tsufa. Ni kuwa in za a tsaga zuciyata a lokacin, abin da ke ciki bai wuce marmarin in sake zama a kan benci ba, in ji ana kiran sunana na yanka maimakon Maman wane. Ban faɗa wa kowa wannan ba, don ko a kunnena bai yi kama da dalili ba. A takardar neman shiga na cike Hausa da addini. Da sunaye suka fito sai na ga nawa a sashen kimiyya, wai saboda sakamakona na sakandare ya fi kyau a can. Na yi ta zarya ofis-ofis a canja mini, wannan ya tura ni wajen wancan, wancan ya ce in dawo gobe, har aka fara karatu. Haka na zauna a ajin da ni ban zaɓa ba, Baba bai zaɓa ba, babanku kuma ya ce ai duk takarda takarda ce.

Inna, mahaifiyar babanku, ita ta karɓi riƙon ku ukun manya. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Ranar da zan tafi ta dubi jakata, ta dubi ƙanwarku Ummi a bayana, ta ce Allah ya sa a dace, ta ci gaba da jan carbinta. Wanda ya zauna da Inna ya san shirunta ya fi faɗanta nauyi. Ummi kuwa ba ta isa yaye ba, dole da ita na tafi Kano.

Ɗakin da aka ba ni na 'yan mata ne, sa'o'in ƙannena, suna ce mini Anti. Ajinmu kuma zaure ne makeke, ɗalibai har bakin taga, malami yana can gaba yana zuba Turanci kamar ana zazzage tsaba a kwano. Kafin in kama jimla ɗaya ya wuce uku. In Ummi ta fara kuka sai idanu su juyo kaina, in sunkuya in fita, in tsaya a jikin taga ina jijjiga ta ina kasa kunne, rabi in ji rabi iska ta tafi da shi. Hanyar karatu ɗaya na sani a duniya, ita ce hadda. Da ita na sauke a makarantar allo, da ita na ci sakandare. Don haka duk takardar darasi da aka sayar mana sai in ɗauke ta daga kai har ƙasa in haddace, ko na gane ko ban gane ba. Da 'yan ɗakinmu suka ga wahalar da nake sha, kowacce ta kawo tata dabarar. Wata ta ce in riƙa ja wa muhimman wurare layi da jan biro. Ni kuwa komai muhimmi ne a idona, shafin ya koma ja wur kamar an yanka kaza a kai. Wata ta ce ɓata lokaci nake, tsofaffin tambayoyin jarabawa kawai ake bi. Wata ta ja ni rukunin tattaunawarsu, na zauna na ji labarin samari da ankon biki, aka tashi ba a buɗe littafi ba. Akwai wadda ta zana mini jadawalin karatu mai kyau, kowace awa da abin da za a yi a cikinta, sai dai ta manta ba ta sa lokacin da Ummi za ta yi kashi ko ta ƙi barci ba. Duk na gwada, wani lokaci biyu a rana ɗaya, in kwanta kaina yana juyawa. Ranar Juma'a kuma in hau motar Gwarzo, in tarar da wanki da tsifa da raba rigimarku, in koma ranar Lahadi jikina kamar an yi mini duka.

Jarabawar zangon farko ita ta tona asirin haddata. Malaman ba su tambayi abin yadda yake a takarda ba, sun juya shi. Ni kuwa haddata tana da kai, in ban kama kalmar farko ba sauran ba sa biyowa. Na zauna ina kallon tambayar da na san amsarta tana cikin kaina, a wani shafi, a wani layi, amma babu ƙofar shiga. Da aka kafe sakamako a allo na tarar na faɗi kusan rabin kwasa-kwasan, aka kuma sanar cewa duk wanda ya sake irin wannan a zango na biyu za a sallame shi.

Akwai malamar da aka ɗora wa kula da 'yan ajinmu, Malama Hadiza, ba ta kai ni shekaru ba. Ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, mu da muka faɗi. Na shiga ina jiran faɗa, sai ta ba ni kujera, ta yi wa Ummi wasa, sannan ta tambaye ni.

"Malama Saude, me kika zo nema a nan?"

Na ce maigidana yana so in samu aikin koyarwa. Ta ce wannan nasa ne. Na ce mahaifina ya so in karanci addini. Ta ce wannan ma nasa ne, ita nawa take tambaya. Mace mai 'ya'ya huɗu, yarinya ta yi mini tambaya ɗaya na rasa amsa. Da ta ga haka sai ta ce in bar maganar shekaru uku da ke gaba, sun yi mini nisa. In zaɓi abu ɗaya tak da nake so ya tabbata kafin ƙarshen wannan zangon, sannan in zauna in duba da gaske wane lokaci nake da shi, ba wanda nake fatan samu ba. Ta ce kuma duk abin da na karanta in rufe littafin in faɗe shi da bakina, in ya ƙi faɗuwa to ban karanta ba tukuna. Na yi godiya na fito. In gaya muku gaskiya, na ɗauki maganarta na jefa a kan tarin shawarwarin 'yan ɗakinmu. Rufe littafi a faɗa da ka, ai shi nake yi tun farko, me ya bambanta shi da hadda? Na fito ofishin nan na fi yadda na shiga ruɗewa.

A gida ban ɓoye wa babanku ba. Ya ce kowane mai koyo yana tuntuɓe. Inna ban faɗa mata ba, amma babu abin da ke wucewa a gidan nan ba ta sani ba. Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida muna tsintar wake, ni da ita, sai ta ce, tunda an bar mata 'ya'ya saboda wannan karatu, tana da haƙƙin ta san abin da ake koyarwa. Na ce a kwanakin nan zuciya da jini muke yi. Ta ce to bismilla. Wannan darasi kuwa na haddace shi tsaf, sai na gyara zama na fara zubo shi da Turanci, tiryan-tiryan, ina ɗan jin kaina. Ta bar ni na kai aya.

"Na ji kin iya yarensu," in ji ta. "Yanzu faɗa mini da namu. Ni da likita ya ce ina da hawan jini, ina jinin yake hawa? Kai yake zuwa?"

Na ce a'a. Ta ce to ina? Na fara, na tsaya. Na sake farawa, Turancin ya dawo bakina, na haɗiye shi. Na san sunan kowane ɗaki na zuciya, na san sunan manyan jijiyoyi, amma ban san abin da ke faruwa a jikin tsohuwar da ke zaune a gabana ba. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce in na gano in zo in gaya mata, don abin yana damunta, ta tura mini ragowar waken.

A motar komawa Kano ne maganar Malama Hadiza ta faɗo mini, na ga ashe ba hadda take nufi ba. Na koma kan darasin nan na bi shi a hankali, duk jimlar da na karanta sai in kife takardar in tambayi kaina yadda zan faɗa wa Inna. Wani wurin ya faɗu, wani ya ƙi. Inda ya ƙi na je laburare, na kuma cire kunya na tare wani malami a hanya na tambaye shi. Sati na zagayowa na zauna gaban Inna na ce mata jinin ba hawa yake ba, matsi ne; zuciya tana tura shi ta hanyoyin da suka ƙuntata, kamar a matse bakin tiyo ruwa ya fita da ƙarfi, shi ya sa aka hana ta gishiri aka ce kada ta tsallake ƙwayarta. Ta yi ta jinjina kai. Ta ce to me ya sa ba su faɗa mata haka ba tun farko? Daga nan ya zama duk zuwana tana da tambaya a ajiye, me ke kawo shaƙuwa, ina abinci yake bi, don me yaro ke kama da kakansa. Ni kuma a makaranta na koma magana ni kaɗai da Hausa, ina nuna bango da yatsa, har 'yan ɗakinmu suka fara raɗe-raɗin ko Anti ta gamu da mutanen ɓoye.

Sai dai wannan hanya tana cin lokaci, lokacin kuwa shi ne ba ni da shi. Abin da zan haddace a zama ɗaya, gane shi yana ɗaukar kwanaki, ga kwasa-kwasan da na faɗi suna jirana a kan sababbi. Na yi abin da Malama Hadiza ta ce, na duba kwanakina da gaske, sai na ga Juma'a da Asabar da Lahadi na hanya ne da gida, sauran kuma Ummi ce ke raba su yadda ta ga dama. Ana cikin haka ta fara haƙori, ga zazzaɓi ga gudawa, na kwana biyu ina zaryar asibiti, gwaji ya wuce ni a kwas ɗin da na fi tsoro. Na dawo Gwarzo da ita a kafaɗa, ta rame, ni ma na rame.

A wannan zuwan ne gidan ya kasu. Inna ta ce ba a ɗaukar tulu biyu a kai ɗaya, yarinyar nan tana wahala, karatun ma yana wahala, in ajiye ɗaya. Ba ta faɗi wanne ba. Babanku na tambaye shi har sau nawa, amsarsa ɗaya, duk abin da na zaɓa yana bayana. Na so a ce ya yanke mini, ko da hanawa ce, in samu wanda zan jingina wa abin. Baba ya aiko daga Kabo cewa dama karatun da aka tura ni ba shi ya ce ba, in haƙura in dawo ɗakina babu abin kunya. Iya kuwa, mahaifiyata, da kanta ta hau mota ta zo. Kun san sunanta aka sa wa Ummi. Ta ɗauke ta ta juya ta, ta ce ai yarinya ta kusa isa yaye, kuma yaye dama gidan kaka ake kai shi.

"Kawo mini takwarata," ta ce. "Ki je ki yi jarabawarki. In kin gama ki zo ki ɗauki abarki."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Da safe in tashi na yanke zan bar makarantar, kafin azahar in tuna fuskar Inna ranar da na yi mata bayanin hawan jini, in ji ba zan iya bari ba. A karo na farko akwai abin da nake so da kaina, ƙarami ne, in ci jarabawar zangon nan kada a kore ni, in kuma ci gaba da gane abin da nake karantawa. Amma duk lokacin da na kai nan sai in dubi Ummi tana barci da yatsa a baki, in ji kamar wata ce ba ni ba take wannan lissafin. Na yi istihara, ban ga komai ba, ban ji komai ba. A ƙarshe ba zan ce na zaɓa ba. Ranar komawa ce ta zo, motar ta tsaya a Kabo, na sauka.

Da hantsi ne. Iya ta dama kunu ta zaunar da Ummi a cinya, ƙannena suka kewaye ta suna tafa mata hannu, aka yi mini ido na zame ta bayan ɗaki. Ban kai bakin titi ba na jiyo kukanta. Na tsaya. Ƙanwata da ta rako ni ta ja mayafina ta ce in na koma yanzu an ɓata komai. Har Kano ƙirjina yana zuba yana ciwo, wata tsohuwa a motar ta dube ni ta gane, ta ce in sa ganyen kabeji. Kuma don abin ya yi amfani sai na daina zuwa gida duk sati. Ku ma kun biya naku kason. Babbarku a lokacin ta koyi tuƙa tuwo.

Karatu kam na yi shi. Da asuba bayan salla nake ɗaukar abin da ya fi wuya, in faɗa wa bango, da rana in shiga aji in zauna a gaba tunda babu mai kuka. Na samu wasu mata biyu masu aure irina muka riƙa yi wa juna tambayoyi a gindin wata darbejiya. Amma sau da yawa ana tsakiyar darasi sai in farga ina jijjiga jikina ina bubbuga bayana da hannu, babu kowa a kai. Waya ba ta yawaita ba a lokacin, sai in an samu mai zuwa ya ce Ummi tana lafiya, ta yi ƙiba, ta fara gudu. In ji daɗi, in kuma ji zafi, wai har ta yi ƙiba ba tare da ni ba.

Na ci jarabawar, har da waɗanda na maimaita. Ba da wani babban maki ba, amma babu faɗuwa ko ɗaya. Malama Hadiza ta riƙe hannuna a baranda ta ce yanzu sai a yi maganar shekara mai zuwa. Na shiga kasuwa na sayi 'yan takalma jajaye masu ƙara in an taka, na hau motar Kabo.

Na tarar da Ummi a tsakar gida tana bin kaji. Ta yi tsawo, an yi mata kitso. Na durƙusa na buɗe hannu na kira sunanta. Ta tsaya ta dube ni, irin kallon da yaro ke yi wa baƙon da ya taɓa gani a wani wuri, sannan ta juya da gudu ta shige bayan zanen Iya. Aka yi ta lallashi, aka ce ga alewa, ga takalma. Da ƙyar ta yarda Iya ta riƙe ta na gwada mata. Ƙafar ta wuce su, da awon da na baro na saya. Ƙannena suna ta shigowa suna Yaya sannu da zuwa, Yaya ya makaranta. Can da aka kawo abinci sai ta leƙo daga bayan Iya, ta nuna ni da yatsa.

"Yaya," ta ce.

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na kwana biyu a Kabo ina jan ta a jiki, tana yarda mu yi wasa da rana, amma barci sai a bayan Iya. Ranar da zan wuce Gwarzo na ɗauki kayanta, ta ƙanƙame Iya tana shiɗewa. Iya ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce ga shi hutun gajere ne, zan sake komawa, kada a yi wa yarinya yaye biyu. A bar ta har in gama gaba ɗaya. Na duba maganar ban ga inda zan kama in ƙi ba. Na mayar da kayan ɗaki.

Da na gama aka ce ta shiga makarantar allo a can, a bari ta ɗan yi nisa. Da na fara koyarwa a Gwarzo aka ce Baba ya rasu, Iya ba ta da mai ɗebe mata kewa. Kowane dalili gaskiya ne, kuma ban taɓa samun ranar da ta dace in ce a'a ba. A Kabo ta girma, daga ɗakin Iya aka kai ta gidan miji. Tana zuwa gaishe ni, tana yi mini duk abin da 'ya ke yi wa uwa, ranar da na kwanta asibiti ita ta kwana a ƙasa kusa da gadona. Amma har yau, da 'ya'yanta a gabanta, Yaya take ce mini, ni kuma ina amsawa.